Yadda Na Kai Isuhu Kafanchan Na Dawo Ni Kaɗai

Tun ranar da na dawo daga Kafanchan kunnena bai huta ba. Wanda ya zo sayen fulogi sai ya tambaya, wanda ya rako mai sayen fulogi shi ma sai ya tambaya. Har liman ya tare ni a bakin masallaci yana cewa, "Sabi'u, me ka gano a kudu da ya ɗaure maka baki?" 'Yan majalisar ƙofar shagona kuwa sun rantse tun da aka kafa Funtua ba a taɓa ganin na yi shiru haka ba, wai ko ranar da aka cire mini haƙori sai da na ba mai cirewar labari. To ga shi na rubuta, kowa ya karanta da kansa, don bakin nawa a kwanakin nan ba ya son aiki.

Saboda wanda bai san mu ba: Isuhu ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, direban babbar mota. Bara waccan ya ɗauko citta daga kudancin Kaduna, birki ya tsinke masa a wani gangare, mota ta kife. An ce mana wani fasinja ya rasu, muka ce Allah ya jiƙansa, ba mu tambayi ko wane ne ba. Isuhu kuwa ya fito da 'yar ƙujewa kawai, duk da haka an kai shi asibiti. Sai dai akwai jarkokin manja a motar, suka fashe suka yi masa wanka. Daga nan na samo labarin da duk kuka sani: an zaro shi jawur daga kai har ƙafa, mata suna ihu jini ne, shi kuma ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Ku daina kuka, manja ne, ku kawo doya." A farkon bayarwa jarka biyu ce. Kafin azumi ta zama tanka guda, har awakin ƙauyen suna iyo. Sunan Kawo-Doya kuma ya bi shi har yaran unguwa.

Bayan 'yan watanni hannunsa na dama ya fara ciwon da ba a gane ba. Sai ya yi sanyi kamar an ciro shi daga firji, yatsun su ƙage, ko cokali ba ya riƙewa balle sitiyari. Aka yi hoto a asibiti, ba a ga komai ba. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, wanzami ya kafa ƙaho, aka shafa masa man da ko jaki aka shafa wa sai ya yi rawa. Shiru. Ya ajiye tuƙi, ga mata ga yara. Ran nan ya ce wani abokinsa Malam Bitrus ya yi masa maganar wata likita a Kafanchan. Inna ta kira ni ta ce, "Kai ne babba, kai ne mai baki. Ka kai shi, ka yi wa likita bayani, ka dawo mini da shi da hannunsa." Na ce, "Inna, ko hannu uku kike so zan kawo."

Daga Funtua zuwa Kaduna ba abin faɗa, hanyarmu ce. Tafiya ta fara ne da muka haye gada zuwa kudancin gari. Ba shinge, ba mai duba takarda, amma mutum ya san ya shiga wata ƙasa. A tasha 'yan kamasho suka yi mini caa, "Alhaji, Kafanchan? Alhaji, shigo gaba!" Ni da ko filin jirgi ban taɓa leƙawa ba, sai ga shi na yi aikin hajji kyauta saboda babbar riga. Na ce Isuhu ya shiga gaba tunda shi ne ɗan sana'a, ya girgiza kai, ya wuce can ƙarshen bas ya zauna yana kallon takalminsa.

Kafin direba ya tayar da mota, wata mata mai katon ɗankwali ta ce, "Mu yi addu'a." Kowa ya sunkuya. Ta yi addu'a da Hausa tiryan-tiryan, ta roƙa wa direba, ta roƙa wa tayoyi ɗaya bayan ɗaya, ta roƙa wa waɗanda ke cikin daji Ubangiji ya taɓa zuciyarsu. Ni ma na karanta tawa a ciki. Da ta ce amin na ce, "Madam, kin manta safaya." Ta juyo ta ce, "Alhaji, wannan na bar maka, kada ka ce ba a ba ka aiki ba." Nan na gane zan ji daɗin mutanen nan.

A hanyar Kachia na ga mata sun ɗora itace a kafaɗa maimakon kai, na yi ta mamaki. A Kachia muka tsaya, garin duk ƙamshin citta, ka yi numfashi sau ɗaya murar shekara ta warke. Gab da Zonkwa kuma safayar da aka bar mini ta ci amanata: taya ta fashe, aka ciro ta baya, ita ma ba iska. Muka zauna a gindin bishiya muna jiran mai faci. Can sai ga wasu dabbobi sun tsallaka titi a jere, na ce, "Ikon Allah, tumakin nan wa ya yi musu aski haka?" Mota ta ɗauki dariya, ashe aladu ne. Da na ga kasuwa ta buɗe, sai na sako musu labarin Kawo-Doya. Madam mai addu'a ta yi dariya har ɗankwali ya zame. Na hango Isuhu ya cusa hannunsa a hammata. Na ce a raina iskar kudu ce.

Malam Bitrus ya tare mu a tashar Kafanchan. Malamin makaranta ne, dogo, mai tabarau. Da ya ga Isuhu sai ya rungume shi ya ƙi saki, su biyun idonsu ya kawo ruwa. A wajenmu namiji ya gaisa da namiji hannu ne da ƙirji, an gama. Na ce to, kowane gari da irin tasa gaisuwar. Ni duk a zatona abokin harkar citta ne, kuma Isuhu bai ce mini komai ba, ni ma ban ba shi filin cewa ba.

Ya kai mu gidansu a wani ƙauye kusa da Gidan Waya. Jama'a, an karrama mu har kunya ta kama ni. Sabuwar buta, sabuwar tabarma, sabuwar tukunya wai don kada mu yi shakkar abinci. Malam Bitrus ya ce tun jiya ya je rugar Fulani ya tambayo alƙibla. Aka kamo zakara aka miƙo mini wuƙa, "Alhaji, yanka da kanka." Aka kawo faten acca da ganye, da wake da aka dafa da riɗi da manja. Na ci har sai da na kwance tazuge. Mahaifiyarsa, Mama Saratu, tsohuwa 'yar ƙarama mai kaifin ido, ita ba ta ci ba. Ta zauna kusa da Isuhu ta riƙe hannun nan nasa tana cewa, "Ɗana, ka zo? Ka zo dai?" Da asuba muna idar da salla, sai muka ji su ma sun fara tasu addu'ar safe da waƙa, murya a ƙasa don kada su dame mu.

Washegari muka shiga Kafanchan wajen likita, a wani ƙaramin asibiti bayan wata majami'a. Sunanta Madam Rahila. Na leƙa ɗakin na ga ba gado, ba allura, ba abin awon jini, kujeru ne kawai da tulun ruwa. Malam Bitrus ya ce ita likitar damuwa ce, masu haɗari da waɗanda aka kai wa hari su take gani, magana ce aikinta. Na ce a raina, in dai magana ce ai an zo gidana.

Kun san al'adarmu: wanda ya kawo mara lafiya shi ke bayani, mara lafiya nasa nishi. Tana cewa, "Malam Isuhu, me ya kawo ka?" na gyara zama na ɗauko tun daga ranar sunansa. Na faɗi rubutu, na faɗi ƙaho, na ce hannun nan in ya yi sanyi har kunun aya muke sanyayawa da shi. Ta yi murmushi ta ce, "Na gode, Malam Sabi'u." Ta sake juyawa gare shi.

"Yanzu da kake zaune nan, me kake ji a jikinka?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi."

"Wannan gaisuwa ce, na amsa. Jikin fa?"

Sai ta yi shiru. Wannan ita ce dabararta, ta yi tambaya ta zauna tana jira kamar mai jiran mota a ƙauye. Ni kuwa shiru a ɗaki ƙaiƙayi yake sa ni. Duk sanda Isuhu ya buɗe baki zai yi magana, na riga shi: "Abin da yake nufi, likita..." Haka muka cinye lokacin. A ƙarshe ta ce tsoro da baƙin ciki ba a zuciya kaɗai suke zama ba, wani cikinsa ke murɗawa, wani wuyansa ke riƙewa, wani barci ke guje masa. Ta ce wa Isuhu, "Aiki ɗaya zan ba ka kafin gobe. In hannun ya fara sanyi, kada ka ɓoye shi. Ka dube shi, ka duba me ake yi a wurin, me ake faɗa, wa ke kusa da kai."

Muna fita na ce, "Yanzu duk wannan tafiyar ko ƙwaya ɗaya ba a ba mu ba? Ai da ni ka zo wa, Isuhu, da na ce ka kalli hannunka tun a gida."

Bayan la'asar maƙwabta suka zo gaishe da baƙi. A gefen gidan, ƙarƙashin mangwaro, akwai wani dakali na siminti, an shafe shi sumul, ga inuwa. Na baza riga na haye. Malam Bitrus ya taho da sauri da kujera, "Alhaji, ga kujera." Na ce, "Bar ni nan, Malam, irin wannan dakalin ko a Funtua sai gidan mai kuɗi." Ya tsaya da kujerar a hannu, ya dubi mahaifiyarsa, ta yi masa alama ya bari. Baƙo ne ni, ba sa son su kunyata ni.

Ga jama'a sun taru, ga ciki a ƙoshe. Kun san abin da ya biyo baya. Na fara daga birki, na yi kukan injin da bakina, na kifar da motar da hannuwana, na fasa tankar manja, na sa awaki iyo. Na lura ba a dariya, na ce ko Hausar ce ta yi musu sauri, na ƙara gishiri. Na rufe ido ɗaya na ce, "Ku daina kuka, manja ne, ku kawo doya!"

Ko tari ba wanda ya yi.

Mama Saratu ta ce a hankali, "Manjan nan nawa ne. Ni na ba maigida ya kai wa 'yarmu a Kaduna. Jarka biyu ne, Alhaji, ba tanka ba." Ta nuna da haɓa. "Shi ne yake zaune a gaba kusa da ɗan'uwanka. Baba Ayuba. Ga shi nan ka zauna a kansa."

A wajenmu kabari yana bayan gari, tudun ƙasa ne da ɗan ice. Ban taɓa sanin a can ana binne dattijo a cikin gida, a shafe shi da siminti ba. Da na miƙe na ga gicciye da sunansa a jikin simintin, daidai inda rigata ta rufe. Zan iya ce muku na yi tsallen da ya kai reshen mangwaro, amma ƙarya ne. A hankali na tashi, na durƙusa gaban tsohuwar na rasa me zan ce. Ni Sabi'u.

Ita ba ni take kallo ba. Isuhu ne ya ɗaga hannunsa na dama a gaban fuskarsa yana duban sa, yatsun sun ƙage kamar ƙafar kaza. Bai kai shi hammata ba. Mama ta tashi ta kama hannun ta haɗa da nata biyu tana murzawa, tana wata magana da yarensu. Ta ce mini ba tare da ta juyo ba, "Tashi, ɗana. Maigidan ma mai surutu ne, da yana da rai da kun kwana kuna yi."

Da safe da muka koma wajen likita, na ce zan jira a waje. Na zauna a benci ina kallon masu babur. Can Madam Rahila ta leƙo ta ce Isuhu yana so in shigo, amma da sharaɗi, yau kunne aka gayyata.

Isuhu bai dube ni ba. Ya ce, "Jiya na duba, likita. Da Yaya ya ce birki, tafin hannun ya fara. Da ya kai kan manja, sanyin ya kai gwiwar hannu. A Zonkwa ma haka. A gida ma, da na tuna, kusan kullum daga majalisa nake tasowa da shi."

Ta yi shirun nan nata. Na cije leɓe har na ji gishiri.

Ya ce da motar ta kife, ƙofa ta danne su su biyu. Baba Ayuba ya laluba ya kama hannunsa, yana addu'a da yarensu, sannan ya ce da Hausa, "Direba, kada ka sake ni." Bai sake shi ba. Mutane suna ta fama da ƙofar, shi kuma yana jin hannun tsohon yana hucewa a cikin nasa, har ya yi sanyi ƙalau. Da aka ɓalle ƙofar sai da aka ɓamɓare yatsunsu.

"Yaya, ban ce a kawo doya ba. Ban ce komai ba. Duk sanda ka fara, sai in koma cikin motar. Kowa yana dariya, ni ina riƙe da shi."

Na manta sharaɗi na ce, "To me ya hana ka faɗa mini?"

"Kai ne babba. Kuma ranar da ka fara ba da shi, a asibiti, shi ne ya sa Inna ta daina kuka. Ta yaya zan ce ka bari?"

Madam Rahila ta juyo gare ni. "Malam Sabi'u, kai fa, me kake ji a jikinka yanzu?" Na ce yunwa, don ba a yi mana waken shekaranjiya ba. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ɓata rai ba, jira kawai ta yi. Da na rasa mafaka sai na duba da gaske. Cikina ne ya ƙulle tamau a ƙasan haƙarƙari, kamar an ɗaure bakin buhu. Na san ƙullin. Shi ne wanda ya kama ni ranar da aka bugo waya aka ce motar Isuhu ta kife, ba a san ko yana da rai ba. Ashe duk sanda ya taso, bakina ne ke tashi da gudu. Na faɗa mata haka. Ta ce, "To ka ga, labari ɗaya ne, kai yana kwance maka ciki, shi yana ɗaure masa hannu. Ba wanda ya yi da mugunta." Wannan maganar ta fi zagi zafi.

A hanyar komawa ƙauye Isuhu ya ce ba zai bi ni gida ba. Likita tana so ta riƙa ganinsa duk mako, Malam Bitrus ya ba shi ɗaki, zai riƙa taya su aikin citta gwargwadon hannu. Na ce Inna fa? Na ce matarka da yara fa? Na ce zan tara majalisa in hana kowa kiran sunan nan. Ya ce, "Yaya, daga tasha za a fara kira na Kawo-Doya. A nan Isuhu nake. Ka bar ni in ɗan zauna a inda aka san abin da ya faru." Na nemi abin dariyar da zan rufe maganar da shi, na samu har guda biyu, na haɗiye su.

Ranar da zan taho, Mama Saratu ta sa aka ɗauko doya manya da 'yar jarkar manja. Na ce, "Mama, don Allah ki rufa mini asiri." Ta ce, "Ba zagi ba ne, Alhaji. Ka yi ta kira a kawo doya, ba wanda ya kawo. Ga shi na kawo. Ka kai wa mamanku, ka ce ɗanta yana wurin mamansa." Isuhu ya raka ni titi. Ya miƙo mini hannun daman muka gaisa. Da ɗan ɗumi, ba sosai ba.

Dawowa ba labari. Na rungume jarkar a cinya tun daga Kafanchan. Wani ɗan kasuwa da ke kusa da ni ya ce, "Alhaji ba ka da lafiya ne? Tun Zonkwa ba ka ce uffan ba." Na ce lafiya lau, alhamdu lillahi, sannan na ji abin da na faɗa.

Inna ta leƙa bayana ta ce, "Ina yake?" Na zauna na ba ta labarin yadda yake, ba tanka, ba awaki. Ta yi kukan da na hana ta yi a asibiti. Yanzu ni ke leƙa gidan Isuhu safe da yamma. Yana bugo waya, ya ce ran nan ya tuƙa babur ɗin Malam Bitrus har kasuwa, hannun ya yi sanyi a gangare, ya tsaya ya dube shi har ya sake. Ranar dawowa kuwa bai faɗa ba, ni ma ban tambaya ba.

To 'yan majalisa, kun ji abin da na gano. Wanda ya saba cewa, "Sabi'u, ba mu na Kawo-Doya," ya yi haƙuri, wannan kaya ya ƙare a shago. In Allah ya dawo da shi, sunansa Isuhu.

Doyar kuwa uwargida ta dafa, ta zuba manjan a kai da ɗan yaji, yara suka ce ba su taɓa cin irinta ba. Na ɗauki loma ɗaya. Ta tsaya mini a nan, a maƙogwaro, ƙasan haɓa kaɗan. Na ajiye cokali na zauna ina duba ta, kamar yadda aka koya wa ƙanena.